Tauraron da Bai Ƙifta Ba

Lahadi, da hantsi

Inna za ta kashe tauraro a saman gidana! Na rubuta wannan tun kafin in rubuta bismillah, Allah Ya yafe mini. To, bismillah.

Inna jikata ce, 'yar babban ɗana. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina ba ya iya kama sunan, ita kuma ta samu lasisin yi mini faɗa. A hannunmu ta tashi, ni da matata Tsohuwa. Lokacin da na shiga ajin yamma na manya gemuna ya riga ya yi furfura, ita ke duba mini aikin gida a kan teburin yanka na shagon ɗinkina, tana lilo da ƙafa don ba ta kai ƙasa ba. Yau ga shi tana aiki a cibiyar binciken taurari da ke bayan gari.

Ba kisa na gaske ba ne. Ga yadda ta faɗa mini, sau uku, har na riƙe. Akwai wani dutse da ke yawo a sama, ya fi unguwarmu girma. Ran Alhamis mai zuwa, bayan magariba, zai gifta ta gaban wani tauraro, tauraron ya ɓace na 'yan sakanni kamar an hure fitila, sannan ya dawo. Inuwar dutsen siririya ce kamar ƙyallen da ake yanka wa bakin riga, kuma tsakiyarta ta kan unguwarmu za ta bi. Inna ce ta rubuta manhajar da ta gano haka. Ta ce manhajar tana tura sama gaba a cikin kwamfuta, ta nuna inda kowane abu zai tsaya a ranar da ba ta zo ba tukuna. Shekara biyu tana kanta. Saboda maganarta baƙi za su taso daga wata ƙasa da na'urorinsu, kuma babban madubin hangen nesa a saman benenmu za a kafa shi.

Ta ce mini, “Kaka, mutum uku ko huɗu, kar su wuce haka. Madubin ba ya son girgiza, ba ya son haske.” Na ce to. Tsohuwa ta ce a kawo zare da allura ta ɗinke bakina tun da wuri, tunda ni na fi kowa sanin ɗinki ya fi alkawari ƙarko.

Lahadi, bayan la'asar

Mai Walda kaɗai na gaya wa. Shi maƙwabci ne, ba ya cikin lissafi.

Laraba, da yamma

Na gaya wa 'yan ajinmu na yamma, waɗanda suka rage. Ba zai yiwu mu da muka koyi baƙi tare in ɓoye musu wannan ba. Na gaya wa mai aski, kuma wannan kuskure ne, na sani tun aska tana wuyana. Da na fita sayen zare wani yaro da ban san uwarsa ba ya tambaye ni ƙarfe nawa ne za a kashe tauraron.

Mai Walda ya samo majigi aro, ya ce a haɗa da kwamfutar kowa ya gani a bango. Na ɗauko farin zanen gado na yi masa kalmasa ta ko'ina, na sa masa madauri. Na daɗe ban ji keken nan ya yi mini daɗin taka ba kamar yau.

Inna ta shigo ta ga zanen. Ta dube shi, ta dube ni. Na ce mata labule ne. Ta ce labulen wane ɗaki ne ba shi da taga. Ta yi dariya dai, ni kuma na ɗauki dariyar a matsayin izini.

Alhamis, bayan azahar

Baƙin sun iso, su uku, da Dakta, shugabar sashen su Inna. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Sun haura da akwatuna, sun kafa madubin a kan ƙafafu uku, sun ja wayoyi har ƙofar kicin. Sauran na'urorin an jera su a bakin hanyar da ta fita gari, kowace da mai gadinta. Ɗaya daga cikin baƙin ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi magana, Inna ta fassara, wai in yi alfahari da ita. Na ce ta gaya masa ya makara, tun tana goye na fara.

Ba ta ci abincin rana ba. Ta ce sai bayan.

Sama tas, ko ɗigon gajimare babu.

Juma'a, da safe

Na naɗe tabarmi. Na mayar da majigi.

Juma'a, bayan la'asar

Ƙofar Inna a rufe. Tsohuwa ta ajiye shayi a bakin ƙofar, ta dawo ta same shi da yana.

Lahadi, da hantsi

Malamin ajinmu yakan ce abin da ka rubuta ya daina cizonka. Bari in gwada.

Benen ya cika, matakala ta cika, har kan katangar Mai Walda akwai mutane. Inna ta roƙa a kashe fitilun waya, aka kashe, aka sake kunnawa. Tauraron ya fito a kan zanena, ɗigo ɗaya fari, a tsakiya. Ni na ce mata ta ƙirga da ƙarfi mutane su ji. Ba ta so, na ce haba Inna. Ta fara daga goma tana saukowa, yara suka kama mata, manya ma suka kama. Aka kai ƙarshe.

Yana nan.

Inna ta ce a ɗan jira. Yara suka sake farowa daga goma da kansu. Suka sake. Wani daga baya ya ce ko a taimaka mata a hure shi, sai aka kwashe da dariya. Ba zan rubuta sunansa ba, mun yi sallah sahu ɗaya shekara da shekaru.

Baƙin sun bar na'urarsu tana ɗauka har aka watse, sannan suka naɗe wayoyinsu a hankali, kowace da zobenta. Dakta ta taɓa kafaɗar Inna ta ce sai Litinin.

Na rubuta. Bai daina ba.

Litinin, bayan magariba

Ta tafi aiki, ta dawo da wuri. Na tambaye ta ya aiki, ta ce lafiya. Ba ta ce mini Kaka ba, ba ta ce mini Tsoho ba. Lafiya kawai.

Talata, da rana

Ashe wani ya ɗauka a waya. An sa masa kiɗa. Matar Mai Walda ce ta nuna wa Tsohuwa, wai don mu sani. Ban kalla ba. Tsohuwa ta ce fuskar Inna ce daga farko har ƙarshe, kuma ana jin muryata a gefe ina cewa ku matso, ku matso.

Yaran layi sun samu sabon wasa. Da ta fito sai su fara daga goma.

Laraba, da safe

Ba ta ci ba.

Alhamis, bayan azahar

Na zauna a shago na yi ta juya abin. Inna ta ce madubin ba ya son girgiza. Na tara masa unguwa guda tana tsalle. Ta ce ba ya son haske. Na kawo masa majigi. Ashe tauraron ya ƙifta ne muka hana a gani. Ba sai an je jami'a ba kafin a gane wannan.

Na faɗa wa Tsohuwa. Ta ce yau ka gano? Daga baya ta kawo mini ruwa ba tare da na tambaya ba, wannan shi ne ban-haƙurinta tun muna yara.

Abin mamaki, tun da na gane ni ne, sai na ji sauƙi. Laifin tsoho ba ya hana kowa aiki. Za a ce ya tsufa, a wuce wurin.

Asabar, da yamma

Baban Inna ya bugo. Yana can garin da yake aiki, tafiyar yini. Ya ga abin a waya shi ma. Ya ce dama shi tun farko bai ga abin da mace mai ƙwaƙwalwa irin tata za ta tsinta a sama ba, alhali ga ƙasa. Wai akwai kamfanin motocin dakon kaya a can da ke neman mai kula da kwamfutocinsu, ya riga ya yi magana. Na ce a bar ta ta huce tukuna. Ya ce, “Baba, da ka bar ta tun farko ai da ba mu zo nan ba.” Sai ya ce in yafe masa. Na ce ba komai.

Ɗan da na yi wa wandon makaranta da ragowar yadi. Ba komai.

Litinin, bayan la'asar

Na je cibiyar. Na jira sai da na san Inna ta fita ɗaya ginin, na sa babbar rigata, na hau mota biyu. Mai gadi ya yi zaton na zo neman aikin shara ne, na ce masa wurin Dakta na zo, ni ne kakan. Ban ce kakan wa ba, ya gane. Ya kawar da kai.

Ofishinta ƙarami ne, littattafai har kan kujerar baƙi, sai da ta kwashe na zauna. Akwai agogo biyu a bango, ba su yi daidai da juna ba, na yi shiru don ba gyaran agogo ya kawo ni ba. Na gaya mata komai, daga Mai Walda har mai aski har zanen gado. Na ce yarinya ta gargaɗe ni, ni na ƙi ji. Na ce na iya rubutu, a ba ni takarda in rubuta da hannuna in sa hannu, a aika wa baƙin.

Ta saurare ni har ƙarshe, Allah Ya saka mata. Ta cire tabarau ta ce, “Baba, girgiza rawa take sa hoto. Hotonmu bai yi rawa ba. Tauraron yana nan sarai daga farko har ƙarshe. Na'urorin bakin hanya ma babu mai tsalle kusa da su, kuma ba su ga komai ba. Ko unguwa goma ka tara a kan benen nan, ba su isa su matsar da inuwa ba.”

Na ce to ai baƙin ba su san haka ba. Ta ce sun sani. Na ce manyan cibiyar fa? Ta ce manyan sun ga abin da ke yawo a waya, ba su ji daɗi ba, wani ya ce an mayar da bincike wasan titi. Amma ba wannan ne tambayar da za su yi wa Inna ba. Tambayar ita ce ina inuwar ta bi, kuma me ya sa. An ba ta zuwa ƙarshen wata.

Ta rako ni har bakin ƙofa. Na dawo da laifina a hannu, ba mai saye.

Talata, da safe

Inna ta ji. Mai gadi ne ya faɗa mata, ina jin.

Ta tsaya a ƙofar shago da jakarta a kafaɗa ta ce, “Kaka, roƙo ka je yi mini?” Na ce gaskiya na je faɗa. Ta ce ba gaskiya ba ce, kuma yanzu duk ginin sun san an turo tsoho ya yi kuka a ofis. Na ce ban yi kuka ba. Ta ce to.

Amma ta ce Kaka.

Laraba

Ƙofa a rufe.

Juma'a, da hantsi

Na karɓi wando uku na rage tsawo. Ɗaya na yanke shi fiye da kima. Shekara nawa ban yi haka ba.

Asabar, bayan azahar

Yau ta fito da gudu ba ɗankwali, kwamfuta a hannu. Wani malamin makaranta a wani gari can gabas, nesa da mu, yana da ɗan madubinsa na sha'awa. Ya rubuto wa cibiyar cewa shi ya ga tauraron ya ƙifta a daren, kuma ya riga lokacin da aka sanar. Ya yi ta jin kunyar faɗa don yana ganin wa zai saurare shi.

Inna ta ce wannan na nufin dutsen yana nan, tauraron ya ɓace, inuwar ta sauka. A wani wurin kawai, a wani lokacin. Ta ce duniya juyawa take yi, in ka kuskure lokaci ka kuskure wuri, kamar mai tsalle ya faɗa motar da ke tafiya.

Ta kwashe almakashi da alli daga teburin yanka ta baje takardunta, wai ɗakinta ya yi mata kaɗan. Ta ci burodi da shayi a tsaye. Tsohuwa ta leƙo ta koma tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne. Ba a kunna wuta ba.

Litinin, da yamma

Ta ce masu ilimin taurari agogo biyu gare su. Ɗaya shi ne namu na mutane, wanda ake ɗan gyara masa zama saboda duniya ba kullum take juyi daidai ba. Ɗayan ba ya jiran kowa. Tsakaninsu akwai minti guda da 'yan sakanni, kuma mutane da yawa sun sha faɗawa wannan ramin. Tana fatan nan ne, don in nan ne, to ɓangaren da ta aro daga wurin wasu ne ya yi mata, ba nata ba.

Ni ma na yi ta fata. Ban san su ba, amma na yi musu fatan laifi.

Talata, bayan la'asar

Ba nan ba ne. Ta bi layi-layi, agogunan suna daidai.

Babanta ya sake bugowa. Sun daɗe. Ni dai na ji tana cewa to, Baba, to.

Alhamis, da rana

Ta zargi agogon na'urar malamin makarantar. Ta buga masa, ya gwada, lafiya lau. Ta zargi bayanan dutsen da aka ba ta. Lafiya lau. Kowa tana wanke shi ɗaya bayan ɗaya, ina kallo da'irar tana matsowa.

Na taka keke a hankali don kar in dame ta. Ta ce in taka yadda na saba, shirun ya fi damunta.

Asabar, da safe

Ta samu.

Ina cikin sa maɓalli na ji ta daina buga kwamfutar. Na ɗaga kai na ga ta ɗora hannu biyu a kan teburin. Na ce Inna? Ta ce in miƙo mata ƙaramin awona na katako, wanda bai kai kamu ɗaya ba. Ta ja bandir ɗin yadi ta fara aunawa, tana sa yatsa, tana matsar da awon, tana sa yatsa. Ta ce in duk sa yatsa ya ci kaurin zare ɗaya, me zai faru a ƙarshen bandir? Na ce rigar mutum ta zama ta ɗansa. Kowane yaron shago sai ya sha wannan kafin ya koyi ɗauko dogon tef.

Ta ce to haka. Manhajar tana riƙe lokaci a lamba ɗaya doguwa, kuma gidan lambar yana da iyaka. Abin da ya yi saura a wutsiya sai ya zube. Duk taku ɗaya da ta tura sama gaba, ɗan ɓurɓushi ya zube, abin da bai kai ƙiftawar ido ba ko kusa. Da take gwaji da gajerun tafiyoyi bai taɓa nunawa ba. Wannan karon ta faro daga shekaru masu yawa baya. Kuma saboda baƙi za su zo, saboda tana son kar a samu ko ƙura, sai ta rage tsawon takun ya zama ƙanana-ƙanana, don ya fi daidai. Taku ya yi yawa, ɓurɓushi ya taru.

Ta ce da ta bar shi yadda yake, da inuwar ta taɓa gefen garinmu ko yaya. Garin neman gira.

Ba ta ƙarasa karin maganar ba, ni ma ban ƙarasa mata ba.

Asabar, bayan la'asar

Na ce mata wa ya sani? Ta ce ni da kai. Na ce to ta gyara shiru, ta ce musu ba a gano ba, ko ta bar su da zancen taron, ai rabinsu sun riga sun yarda da shi. Na ce ni na tsufa, ba abin da za a cire ni daga ciki.

Ta ce, “Kaka, akwai mutum biyu a wata cibiyar da suka karɓi manhajar nan suna aiki da ita. Su ma in bar su su tara mutane?”

Ni da na koya mata cewa ba a mayar wa mai kaya da riga da ɓoyayyen faci.

Lahadi

Ta wuni tana rubuta bayanin. Ta gyara manhajar, ta raba lambar gida biyu, kwanaki daban, ragowar yini daban. Ta sake turawa daga farko. Inuwar ta faɗa kan garin malamin makarantar, a kan lokacin da ya faɗa, cif. Ta juyo da kwamfutar ta nuna mini. Aiki ya yi kyau, ba mai tafi.

Laraba, bayan magariba

Sun zauna da ita yau. Ba ta faɗi abin da aka ce ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dawo da kwali, a ciki akwai kofinta da ɗan tsiron da ke kan teburinta da silifas ɗin da take sawa a ofis.

Dakta ta bugo mini da kanta. Ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta, ba ita kaɗai ke da magana ba. Ta ce bayanin da Inna ta rubuta ya fi aikin wasu da ba su taɓa kuskure ba. Za a ci gaba da amfani da manhajar, wani ne zai riƙe ta. Na yi mata godiya. Ban san na me ba, amma na yi.

Alhamis

Tsohuwa ta wanke mata kaya duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Asabar, da hantsi

Mun raka Inna tasha, za ta wurin babanta. Na ga lokacin da take shirya akwati, kwamfutar ta fara sawa a can ƙasa, ta danne ta da zannuwa da takalma, kamar abin da ba za a nema ba sai an ƙaura. Na ɗinka mata riguna biyu na zuwa ofis, marasa ado, yadda masu kamfani suke so.

A bakin mota ta ce in riƙa shan maganina, in daina faɗa da mai aski. Na ce ta riƙa ɗaga kai wani lokacin. Ta ce a can fitilu sun yi yawa, ba a ganin komai. Yaron mota ya buga ƙofa.

Litinin

Na shiga ɗakin in rufe taga. Tsiron ta bari. Ban san sau nawa ake ba shi ruwa ba.

Alhamis, da yamma

Mai Walda ya zo ya zauna a benci har aka kira sallah. Da zai tashi ya ce ya kama ɗansa yana ƙirgen nan ya ja masa kunne. Na ce ya ƙyale yara, ai ba mai jin su yanzu.

Lahadi, bayan azahar

Ta bugo. Aiki lafiya, motoci suna fita suna dawowa, ita ce ke sanin wacce take ina. Babanta ya ji daɗi. Muryarta kamar ta mai karanta sanarwa.

Laraba

Ba labari.

Juma'a, bayan la'asar

Ta bugo da tsakar rana, lokacin cin abincinsu. Na ji ƙarar manyan motoci a bayanta. Ta tambayi Tsohuwa, ta tambayi ƙafata, ta yi ta kewaye-kewaye har na ce Inna, faɗi abin da ke bakinki, katinki zai ƙare.

Ta ce ba wani abu ba ne. Wai jiya ta rasa wani takalmi ta zazzage akwati. Tunda ta riga ta fito da kwamfutar, sai ta ɗan kunna. Ta ce ran Talata da magariba jinjirin wata zai bi ta gaban Zara, wannan tauraruwa mai hasken da ke rakiyarsa. Ba a buƙatar madubi, ido ya isa. Garinmu yana can bakin-bakin inda za a gani, shi ya sa wasu lissafan suka ce za ta goga gefensa ne kawai ta wuce. Nata ya ce daga saman benenmu za ta shige bayansa, ta ɗan jima, ta fito. Ta faɗa mini lokacin na rubuta a bangon shago da alli. Daga inda take ba za a gani ba, kuma ba za a ba ta hutu ba. Tana son wani ya kalla ya gaya mata.

Na ce, “In kuma ba ta shige ba fa?”

Ta ce, “Sai in sake dubawa.”

Haka kawai ta ce, da muryarta ta da, wadda take ce mini wannan layin bai miƙe ba, sake. Aka kira ta, ta kashe.

Ɗakinta dai yana nan a rufe, kujerarta a cibiyar wani ne a kai, wannan Zara ba za ta gyara shi ba. Idona kuma ba na yarda da shi bayan la'asar, na Tsohuwa ya fi nawa lalacewa. Yarinya ta ce a kalla mata, ba zan kai mata shaidar makafi biyu ba.

Na gaya wa Tsohuwa. Ta ce in tashi in je, ita za ta share benen.

Saboda haka zan fara daga gidan Mai Walda in bi layi har shagon aski, ƙofa-ƙofa. Talata da magariba, saman benena. Ba majigi, ba zane, kowa ya zo da idonsa. Masu ƙirge su zo, mai hure tauraro ya zo, wanda ya ɗauka a waya ya zo da wayar tasa, a cike da caji. Wanda zai yi dariya ma akwai masa tabarma. Jikata ta ce Zara za ta shige bayan wata. Ku zo ku gani.